Kafin a zagi itacen inabi, a tambayi wanda ya kafa masa rumfa

Ranar Litinin da ta wuce na tarar an manna wata takarda a allon sanarwa na wurin aikinmu. Layi huɗu ce kacal. Wai hukumar gudanarwa ta lura ana yaɗa ji-ta-ji-ta kan batun rage ma'aikata, kuma duk wanda aka kama da hannu a ciki zai fuskanci ladabtarwa.

Na karanta sau biyu ina neman inda aka ce za a rage ko ba za a rage ba. Babu. Wata uku ke nan mutane na kwana da fargaba. An ga baƙin fuska da manyan jakunkuna suna shiga ofishin akanta, an dakatar da ɗaukar sababbi, na'urar da ta lalace an bar ta a kwance. Duk da haka abin da aka ga ya dace a gaya mana shi ne mu kama bakinmu.

Muna tsaye, wani dattijon abokin aiki ya gyara zaman tabaransa ya ce mini, "Malam, ai yanzu ne suka tabbatar mana."

Wannan takarda ta ɓata mini rai, kuma ra'ayina a kanta a fili yake. Ba a kashe ji-ta-ji-ta da barazana. Duk inda ka ga ta yi ƙiba, to akwai wanda ya san gaskiyar magana ya zauna a kanta, kuma shi ya kamata a fara tuhuma kafin a zo kan masu raɗa a bakin ƙofa.

Shukar da ba ta iya tsayuwa da ƙafarta

Masu magana da Ingilishi idan suka ji labari ta bayan fage sukan ce sun ji shi ta itacen inabi. Mu muna da namu: kanzon kurege, ƙishin-ƙishin, raɗe-raɗi, an-ce-ka-ce, har da rediyo mai jini. Na daɗe ina ganin tasu karin maganar ba ta da kan gado, sai da na shuka inabin da hannuna.

Itacen inabi ba bishiya ba ce mai miƙewa da kanta. Yaɗo yake yi. Yana fitar da wasu 'yan zarurruka sirara masu baki biyu, suna lilo a iska kamar makaho na lalube. Na taɓa zama da safe na sa wa ɗaya ido. Ta taɓa wayar da na ɗaura, kafin yamma ta naɗe ta, bayan kwana biyu ta murɗe kamar igiya. Da makonni suka shuɗe ta bushe ta yi tauri, sai da na sa almakashi. Ba ruwanta da abin da ta kama. Waya ce, ƙusa ce, reshen maƙwabci ne, duk ɗaya.

In ka hana shi abin kamawa, ƙasa yake kwantawa ya yi ta rarrafe, ba ya nisa. In ka kafa masa rumfa, cikin shekaru kaɗan ya rufe ta ruf.

Haka zance yake. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Gordon Allport da Leo Postman, sun faɗi wannan tun 1947 bayan sun yi nazarin ji-ta-ji-tar da ta addabi ƙasarsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Suka ce ƙarfinta ya rataya ne kan abu biyu: yadda maganar ta shafi mutane, da yadda take a duhu. In ɗaya ya kau, ta mutu. Ba wanda ke raɗa kan abin da bai dame shi ba, ba kuma wanda ke raɗa kan abin da kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

To a wurin aikinmu maganar ta shafi abincin kowa, wannan ba mu da yadda za mu yi da shi. Duhun kuwa, wa ya kashe fitila?

Wayar waɗanda ba su da waya

Asalin karin maganar ma yana goyon bayana. A 1844 aka fara aika saƙo ta wayar tangaraho tsakanin Washington da Baltimore. Ba a daɗe ba mutane suka laƙaba wa labarin baki da baki sunan tangarahon itacen inabi: ga waya miƙaƙƙiya ta masu iko, ga kuma mai lauje-lauje ta kowa da kowa. Sunan ya bazu sosai a yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865.

Booker T. Washington, malami baƙar fata da aka haifa cikin bauta a jihar Bajiniya ta Amurka, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa da ya fito a 1901 yadda bayi ke samun labarin yaƙin. An hana su karatu, ba jarida, ba mai gaya musu komai. Amma bawan da ake aika gidan waya ya ɗauko wasiƙu yakan ɗan yi jinkiri a can, ya kasa kunne ga hirar Turawan da suka taru. A hanyarsa ta komawa ya sauke wa 'yan uwansa. Sau da yawa sukan riga iyayen gidansu sanin abin da ya faru a fagen daga.

Wa zai kalli waɗannan mutane ya ce magulmata ne? Yaƙi ake a kan 'yancinsu, kuma an toshe musu kowace ƙofa. Wanda aka hana ƙofa, katanga zai haura.

"Ai addini ya hana"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma ba na wasa da ita. An hana. Suratul Hujurat ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, kuma an ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Magana zarar bunu ce.

Sai dai muna cusa abubuwa daban-daban cikin buhu ɗaya. Wanda ya zauna yana tona asirin gidan wani don daɗin baki, wannan magulmaci ne. Wanda ya ɗauki magana daga nan ya kai can don ya haɗa mutane faɗa, annamimi ne. Amma ma'aikacin da ya tambayi na kusa da shi, "Ka ji wani abu kan albashin nan?", wane nama ya ci? Matar da ta ja ƙawarta gefe ta ce kada ta ba wane ajiyar kuɗi, don ya cinye na mutum uku, nasiha ta yi. Malamai tun da can sun ware gargaɗi irin wannan daga gibar da aka hana.

Kuma a cikin surar nan dai, umarnin da aka bayar idan labari ya zo daga wanda ba a amince da shi ba shi ne a bincika. Ba a ce a toshe kunne ba. Bincike kuwa yana buƙatar inda za ka je ka tambaya, da wanda zai ba ka amsa. Takardar da ke allonmu ta hana zancen, ba ta buɗe ƙofar tambaya ba.

Af, har ma yawancin hirar da ake yi kan wanda ba ya nan ba ta da dafi. Wani bincike da aka wallafa a 2019 daga wata jami'a a Kalifoniya ya naɗi hirar mutane ɗari huɗu da wani abu cikin harkokinsu na yau da kullum. Aka samu kusan minti 52 a rana mutum na yi yana zancen wanda ba ya wurin, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ba yabo ba ne ba suka ba ne. Wane ya tashi daga gidan haya, wance ta haihu, an canja wa wane wurin aiki. Da za a hana wannan, da ba wanda zai san mara lafiyar da ya kamata ya je dubawa.

"Amma tana kisa"

Tana yi. A nan ba ni da ta cewa sai amincewa. A Indiya, a 2017 da 2018, saƙonnin WhatsApp kan masu satar yara sun sa taron jama'a sun kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, wasunsu matafiya ne kawai da suka tsaya a garin da ba a san su ba. A watan Maris na 2023, masu ajiya a bankin Silicon Valley na Amurka suka yi ta tura wa juna saƙon cewa bankin na tangal-tangal. Cikin yini ɗaya aka nemi cire dala biliyan 42. Washegari hukuma ta rufe shi. Bankin na da ciwonsa tun da farko, amma saurin zancen ne ya hana a yi masa magani.

Abin da ya canja shi ne saurin. Nan ma itacen inabi na da labari. A shekarun 1860 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya ɓulla a kudancin Faransa. Daga Arewacin Amurka ya zo, a jikin dashen inabi. An daɗe ana ɗauko shuke-shuke daga can ba a ga haka ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne jiragen ruwa masu tururi sun rage tsawon tafiyar, ƙwaron da da can yake mutuwa a teku ya fara isowa da ransa. Cikin shekaru kaɗan ya cinye gonakin inabi masu ɗimbin yawa a Turai.

Da can ƙarya ma kan mutu a hanya. Kafin ta ratsa baki goma ta haɗu da wanda ya san wurin, ya ce a'a, ina can aka yi. Yanzu tana isa ga mutum dubu kafin mai ƙaryatawa ya farka. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter, suka wallafa sakamakon a 2018. Gaskiya takan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Kuma mutane ne ke wannan aiki da yatsunsu, sun fi asusun bogi masu tura saƙo da kansu laifi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, haka ne, amma furen nata ya fi ɗaukar ido.

To me manoman Turai suka yi? Sun gwada guba, sun gwada cika gona da ruwa, sun ƙone wasu gonakin. Abin da ya cece su a ƙarshe shi ne aure: suka ɗauki reshen inabinsu suka aura shi a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau yawancin inabin duniya a kan irin wannan saiwa yake tsaye. Ba su daina noman ba, kuma ba su kawar da ƙwaron ba. Saiwar suka gyara.

Kamfanin WhatsApp shi ma bai rufe manhajar ba. Ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya, a Indiya a 2018, a duniya baki ɗaya a farkon 2019. A 2020 ya ƙara matsewa: saƙon da ya riga ya sha yawo, wuri ɗaya kawai za ka iya tura shi. Kamfanin ya ce yawon irin waɗannan saƙonni ya ragu da kashi 70 cikin ɗari. Aski aka yi, ba sara ba.

"Shugaba ba zai faɗi komai da komai ba"

Gaskiya ne, kuma ban ce ya faɗa ba. Akwai maganar da ba ta nuna ba, akwai sirrin wasu, akwai abin da doka ta hana a bayyana kafin lokaci. Amma tsakanin faɗin komai da yin gum akwai fili mai faɗi. Me zai hana a ce, "E, ana duba batun, ba a yanke hukunci ba, ranar kaza za ku ji"? Jimla ɗaya ce. Da an faɗe ta, da rabin zarurrukan nan sun rasa abin kamawa.

Abin da ya fi damuna da dokar hana ji-ta-ji-ta shi ne wanda ke da ikon cewa wannan ji-ta-ji-ta ce. Kullum mai ofis ne. Ranar 30 ga Disamba 2019 wani likitan ido a birnin Wuhan na ƙasar Sin, Li Wenliang, ya rubuta wa abokan karatunsa likitoci cewa su yi hattara, an kwantar da wasu masu ciwon huhu irin na SARS, wata cutar numfashi da ta taɓa ɓarkewa a ƙasar. Kwana huɗu bayan haka 'yan sanda suka kira shi, suka sa shi ya sa hannu a takardar gargaɗi kan yaɗa maganar da ba ta da tushe. Ya koma bakin aiki, cutar ta kama shi, ya rasu a watan Fabrairun 2020. Daga baya aka janye gargaɗin aka ba iyalinsa haƙuri. Bai ma dace da sunan cutar daidai ba, tunda sabuwa ce, ita ce wadda daga baya aka sani da korona. Amma tsakanin raɗarsa da shirun hukuma, wanne ya fi kusa da gaskiya?

A 1986 ma, da tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci ta fashe ranar 26 ga Afrilu, gwamnatin ƙasar ba ta ce wa duniya uffan ba sai ranar 28, bayan na'urorin wata tasha a Suwidin sun shaƙo gubar. Gwamnatin da ta yi haka sau ɗaya, in ta fito gobe ta ce a yi watsi da raɗe-raɗi, da wane kunne za a saurare ta? Ruwa ba ya tsami banza, jama'a sun san wannan.

Askin da ya rataya a wuyanmu

Kada a ce na wanke masu raɗa tas. Duk mai inabi ya san in ka bar shi ya yi yadda yake so, daji zai zama. Ganye fal, inuwa lafiya lau, 'ya'ya kuwa 'yan ƙanana masu tsami, ko ma babu. Kowace shekara idan ya zubar da ganye ya yi barci, sai a datse kusan kashi tara cikin goma na rassan da ya fitar a bara. Shekarar farko da na yi wannan hannuna rawa yake. Na tara tsibin rassa a ƙasa, abin da ya rage a rumfar kamar ƙashin kifi, na ce na kashe shi. Shekarar ce ya fara ba ni 'ya'yan kirki.

A wajen London akwai wani itacen inabi a fadar Hampton Court da aka shuka a 1768, har yau yana 'ya'ya. Na birnin Maribor a Sulobeniya ya haura shekara 400. Almakashi ne ya raya su.

Kuma masu almakashin ba su da yawa. Wani masanin harkar gudanarwa, Keith Davis, ya bi sawun yadda labari ke yawo tsakanin manyan ma'aikatan wani kamfanin kayan fata a Amurka, ya wallafa a 1953. Ya samu cewa zance ba ya tafiya a layi daga wannan zuwa wancan. Mutum ɗaya ne ke gaya wa uku ko huɗu, yawancinsu su ji su yi shiru, ɗaya a ciki ya sake gaya wa wani gungun. Kamar dai nonon inabi, curi-curi. Ke nan in mutum biyu ko uku a wuri suka koyi tambayar "wa ya gani da idonsa?", zancen banza ba zai yi nisa ba.

A wurinmu ina cikin waɗannan biyu ko ukun, kuma na faɗi jarrabawa.

Makonni kafin takardar nan, wani ya raɗa mini cewa an fitar da jerin sunaye, kuma sunan wani abokin aikinmu na ciki. Mutum ne mai iyali da yawa. Na ce a raina taimako ne in sanar da shi ya fara shiri, amma ban iya fuskantarsa ba, sai na gaya wa amininsa. Ban ce "wai" ba. Na ce "an fitar."

Bayan kwana goma ya same ni a bakin matakala. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, don Allah wa ya gaya maka?" Na faɗi wanda ya gaya mini. Muka je wurinsa tare, ya ce shi ma wance ce ta faɗa masa. Muka je wurin wance. Ta ce ita dai ta shiga ofishin sakatare ta ga fayil da sunansa a kan tebur, a saman wasu fayiloli, ranar da baƙin nan suka zo. Shi ke nan abin da ta gani.

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Takardar neman hutuna ce. Ni na kai ta da safen."

Ya riga ya sayar da motarsa, da asara, don ya tara abin riƙe gida. Abin da Allport da Postman suka bayyana ke nan ƙarara: kowane baki na zubar da wani ɓangare na labarin, ya wasa wanda ya rage, ya lanƙwasa shi ya dace da abin da ake tsoro. Fayil ya zama jeri, jeri ya zama hukunci. Ni ne na cire "wai" ɗin ƙarshe.

Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Wannan laifi nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Sai dai har yanzu ina tambayar kaina: da an gaya mana tun wata uku da suka wuce cewa ba a rubuta sunan kowa ba tukuna, fayil a kan tebur zai zama komai banda fayil a kan tebur?

Har yau ba mu san ko za a rage ba, shi ma bai san ko sunansa zai fito ba. Yanzu a motar haya yake zuwa, yakan riga kowa isowa. Takardar na nan a allo, gefenta ɗaya ya fara ɓallewa. Jiya na ga wani ya sa biro a ƙasanta ya rubuta da ƙananan haruffa, "To yaushe za a gaya mana?" Yau da safe an manna wata ƙaramar takarda a kan rubutun, an ce an hana rubutu a allon sanarwa.